Jan Biro a Inda Babu Rubutu

Ranar Talata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ya aiki, ya kuma ƙafar nan da Inna ta ce tana damunki. Mu nan lafiya lau, sai Kawu da ya ƙone a yatsa da dutsen guga, kwana biyu ke nan yana nuna wa duk wanda ya kawo wanki. Matarsa ta ce in gaishe ki.

Ki yi haƙuri ban rubuto da wuri ba. Ban taɓa ganinki ba sai a hoto, kuma Inna ta ce sai an hau kakanni biyu kafin a iske inda muka haɗu, amma ke kika nemo mini Malam, don haka ke ya kamata in gaya wa yadda karatun yake.

Malam yakan aiko takardar darasi, in yi a bayan shago a kan teburin naɗe kaya idan rana ta take mutane sun ragu. In na gama in sa a ambulan, in haɗa da wata ambulan ɗin mai adireshina da kan sarki, kamar yadda ya ce tun farko. Bayan kwana takwas ko tara sai ta dawo da gyara da jan biro, da darasi na gaba a ciki. Darasi ashirin ne. In mun kai na goma sha biyar zai sa mini hannu a fom ɗin jarrabawar shiga sakandare, don ba sa karɓar wanda ya bar makaranta sai da sa hannun malami. Kawu ya ce bana kaɗai ya ba ni. In na samu in tafi, in ban samu ba ya sayo dutsen guga na biyu in daina ɓata takarda.

Tun darasi na tara muke kan abu ɗaya. Ashe Turanci yana da hanya biyu ta faɗin magana. Ko ka sa wanda ya yi aikin a gaba, kamar ka ce Kawu ya ƙona riga, ko ka sa rigar a gaba ka tura Kawu can ƙarshe, ko ma ka cire shi, a ce an ƙona riga kawai. Da na yi wa matar Kawu bayani ta ce ai mijinta ya daɗe da ƙwarewa a ta biyun. A na tara Malam ya ba ni goma sha takwas cikin ashirin, ya rubuta cewa kaina yana ja.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, na goma da ya dawo bai yi kama da sauran ba. Rubutuna ƙanana ne, jimla takan ƙare mini a tsakiyar layi. To sai na ga jan biro ya zagaye wuri uku can ƙarshen layi, inda ban rubuta komai ba. Na ɗaga takardar a rana ko akwai abin da ban gani ba. Babu. Kuma ya soke mini jimloli huɗu da na tabbata irin na darasi na tara ne. Hannunsa ne, na san yadda yake jan wutsiyar harafi, sai dai layin yana rawa, kamar an tsaya an ci gaba, an tsaya an ci gaba.

Ina jin kunyar tambayarsa. Ke da kika san shi, haka yake yi?

'Yarki

Ranar Lahadi

Kurciya,

Haka uwarki ta ce ana kiranki don ba a jin muryarki, ni ma na ɗauka. Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, tsayuwar kantin magani ce, ba ta da magani sai zama. Ki gaishe da Kawunki, ki ce masa a kantinmu akwai man ƙuna, amma babu na raki.

Batun Malam, ki kwantar da hankalinki. Ni ma ɗalibarsa ce tun ba a haife ki ba, kuma a lokacin ma ba yaro ba ne. Ya daina karɓar ɗalibai, albarkacina kika ci. In hannunsa ya yi rawa, tsufa ne. In ya soke miki jimla, to ba daidai ba ce, ko da a idonki daidai ce. Mutumin nan bai taɓa sa jan biro a banza ba. Ki bi abin da ya nuna, ki daina ɗaga takarda a rana kamar mai duban kuɗin jabu.

Ki riƙa rubuto mini. Hausarki tana da daɗin karantawa.

Gwaggonki

Ranar Alhamis

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Duk muna lafiya, yatsan Kawu ya warke, bai ji daɗin hakan ba.

Na bi maganarki. Duk jimlar da aka soke na juya ta har sai ta bambanta da yadda na fara yi. Yanzu in na ga tambaya sai in ji amsa biyu a kaina, tawa da ta jan biro, in rasa wadda zan kama. Amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba.

Kin san Malam yakan ɗan rubuta layi ɗaya ko biyu da Hausa a ƙasan takarda. A na goma sha ɗaya ya rubuta: "Yaya tarin ƙaramin?" Gwaggo, gidanmu babu ƙarami. 'Ya'yan Kawu duk sun girma sun tafi, ni ce ƙarama. Na ce ko ya haɗa ni da wata ce. Na yi ta tunanin yadda zan gaya wa babban mutum ya yi kuskure, na kasa. Sai na rubuta a ƙasan na goma sha biyu cewa da sauƙi, mun gode.

Da ta dawo ga abin da ya ce: "Tunda ya daina karɓar abinci kada ki jira. Ki kai shi." Ni ban ce masa an daina cin abinci ba. Da sauƙi na ce. Na sake jin kunya, na rubuta to, za a kai shi.

Na goma sha uku jiya ta zo. Ya ce: "Na ga rubutunki ya karkace. A kan gwiwa kika yi, na sani. Darasi zai jira, shi ba zai jira ba." Ranar da na yi darasin nan an cika tebur da zannuwan wani otal, a kan gwiwa na yi shi, zaune a kan bokiti. Ba wanda na gaya wa.

Bayan shagonmu dogo ne, ba taga sai ɗaya can sama. Kayan da aka goge a rataye suke layi uku cikin leda, in fanka ta juya sai su riƙa motsi ɗaya bayan ɗaya kamar mutum yana bi ta tsakiyarsu. Shekara biyu ina zama a wurin ban taɓa kula ba. Jiya da azahar ina riƙe da takardar sai na ji tari, ƙarami, sau biyu, daga bayan layi na uku. Na zauna har Kawu ya kira ni sau uku. Matarsa ta ce bututun ruwa ne, haka yake yi in an rufe famfo. Wataƙila shi ne. Yau dai a bakin ƙofa na yi darasi, mutane suna wucewa suna kallona.

Saura biyu mu kai wurin fom. Ki gaya mini, in ci gaba da amsa masa?

'Yarki

Ranar Litinin

Kurciya,

Kada ki ƙara amsa masa. Kada ki ƙara aika komai can.

Gwaggonki

Ranar Juma'a

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Sati uku ina zuwa gidan waya, har mai rarraba wasiƙu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Yau na samu takardarki, layi biyu, ba gaisuwa.

Na gane. Ke kika roƙa mini alfarma, ni kuma na yi wa malaminki ƙarya har sau biyu, sannan na zo ina faɗin maganganu a kansa kamar mai taɓin hankali. Ki yafe mini. Ba da raini na yi ba.

Sai dai takardarki ta makara. Da na ji shiru na ci gaba. Na goma sha huɗu ta dawo, abin da ke ƙasanta kawai shi ne: "Ki gaya mini gaskiya, yana nan?" Wannan karon ban amsa ba. Shekaranjiya na aika na goma sha biyar, na sa fom ɗin a ciki, don ranar Alhamis ta sama ake rufe karɓa.

In kin janye ne ki faɗa mini a fili, in san abin da zan ce wa Kawu. Ya riga ya fara tambayar farashin dutsen guga a gabana.

'Yarki

Ranar Laraba

Kurciya,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwarki. Ba fushi na yi ba. Takardarki ta ranar Alhamis ɗin nan sau uku na karanta ta, na sa ta a ƙarƙashin katifa, na kasa ɗaukar biro.

Maganganun nan ba naki ba ne. Nawa ne. Shekara ashirin da biyu da suka wuce ina darasin nan ina da yaro ɗan wata goma sha bakwai. Uwarki ba ta gaya miki ba don a danginmu ba a tayar da zancen. Tari ya fara. Malam ya ce in kai shi, na ce bari in gama darasi ɗaya tukuna, don ni ma fom nake so. Kwana uku na ƙara. Da na kai shi, sati bai cika ba. Kalma ɗaya bayan ɗaya, abin da kika kwafo mini shi ya rubuto mini a lokacin. Kin ga dalilin layi biyu.

Jiya na ɗauki hutu na hau mota biyu na je. Bene ne tsoho, hawa na uku, allon sunansa yana nan a ƙofa rana ta cinye shi. Matarsa ce ta buɗe, tsohuwa 'yar ƙarama da abin awo na tela a wuya. Na ce wajen Malam na zo. Ta ce in shigo in zauna. Sai da ta ba ni ruwa sannan ta ce Malam ya rasu wata biyu da rabi ke nan, washegarin da ya gyara darasinki na tara.

Ɗakin yana nan yadda yake. Tebur, kujera, da wani katako mai ramuka ashirin a bango, kowane rami da lambarsa da takardun darasinsa. Gilashin tagar duk ya yi datti, ban da wuri ɗaya daidai girman takarda, tas, da sawun gam a kusurwa huɗu.

Ita ta nuna mini da kanta, da alfahari ma. Ba ta iya karatu ba, ko na Hausa, amma ta san lamba saboda ɗinki. Shekara arba'in shi yake gyara, ita take naɗewa, ta ɗauko darasi na gaba a raminsa, ta liƙe ta kai gidan waya. Da ambulan ɗinki ta zo bayan rasuwarsa ta ajiye ta a tebur. Ta kwana ɗaya. Ta ce: "Takarda ba ta taɓa kwana biyu a teburin nan ba, ba zan bari ta fara a hannuna ba."

Malam da ya karɓe ki, a cikin tsohon fayil ɗina ya sa ki, tunda ke tawa ce. Yakan ajiye kwafin duk abin da ya gyara. Sai ta buɗe fayil ɗin ta ga takarda mai lamba goma da jan biro a kai. Ta manna ta a gilashi da la'asar, lokacin da rana take dukan tagar, ta ɗora taki a sama, ta bi duk jan da ya bayyana da bironsa, a hankali, kamar yadda take fitar da zanen ɗinki. A ganinta gyaran lamba goma ai gyaran lamba goma ne. Ni rubutuna manya ne, nakan cika layi. Shi ya sa kika ga an zagaye inda ba ki rubuta komai ba. Kuskurena ne ake zagayewa a takardarki. Duk abin da aka soke miki daga na goma zuwa yau, ki manta da shi, kuma ni na ce ki bi shi, wannan laifina ne.

Ta tambaye ni ko yarinyar tana ƙoƙari. Na ce sosai. Ban gaya mata abin da hannunta ya rubuta ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Na tambayi fom ɗinki. Ta ce ta riga ta aika da safe, tare da na goma sha biyar. Ta san inda yake sa hannu a irin wannan takarda, ta kwafo daga kwafin takardar da ya ba ni ta shiga darasinsa. Ta miƙo mini fayil ɗin in gani. Na goma sha biyar ɗina yana sama. Na tuna na aika shi bayan an yi abin da za a yi, ban sa ambulan ba, kuma a satin na bar gidan. Ban san ya gyara ba. Na hango ja a ƙasa, na rufe. Ban iya ba.

Yanzu ki ji. Sa hannun nan ba na gaskiya ba ne. In kika kai suka gane, za su iya hana ki har badi. Ki yaga shi. Zan rubuta wa Kawunki da kaina in roƙe shi shekara ɗaya, ko da yake na san halinsa.

Gwaggonki

Ranar Alhamis, da yamma

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar da ta makara shekara ashirin da biyu. Allah ya sa mai ceto ne. Ban san yadda ake faɗin sauran ba.

Takardarki da ta matar Malam rana ɗaya suka zo, Litinin. Taki na fara buɗewa, na gode Allah. Fom ɗin yana da sa hannu, da kwanan wata a gefe. Har kwanan watan ta kwafo, Gwaggo. Shekara bakwai kafin a haife ni.

Ban yaga ba. Na san Kawu, in ya ce bana to bana ne, kuma dutsen gugar ma ya iso jiya, yana cikin kwalinsa a ƙarƙashin tebur. Da safen nan na ce zan je gidan waya, na wuce ofishin jarrabawa. Layi ya kai har matakala. Duk wanda ke gabana da babansa ko yayarsa. Sau biyu na fita daga layin na koma ƙarshe.

Mata ce a teburin, mai tabarau da igiya, ba ta ɗaga kai sai ta buga hatimi. Ta karɓi nawa, ta ɗaga hatimin, ta tsaya. Ta tambayi shekaruna. Na faɗa. Ta ce in ɗaga murya. Ta juyo mini da takardar ta sa yatsa a kan kwanan watan.

Na so in ce ban sani ba. Har na buɗe baki. Sai na ji na ce: "Malamina ya rasu. Matarsa ce ta kwafi hannunsa a gilashin taga. Ba ta san laifi ba ne, ni na sani, na kawo ne don ba ni da wani."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce a cikin shekarunta a teburin nan an kawo mata ƙarya iri-iri, wannan in ƙarya ce ta fi ƙarfin mai shekaruna. Ta ce in zauna a benci har a tashi. Awa uku na yi. Da aka watse ta ce wanda ba shi da malami ofis yana iya gwada shi da kansa, in ya ci ta sa hannu a madadin. Ta tambayi inda muka tsaya, na gaya mata. Ta rubuta jimla biyar a bayan wata takarda ta ce in juya su, in sa abin da aka yi wa aiki a gaba.

Hannuna ya yi ta son bin gyaran nan. A kowace jimla amsa biyun suka zo. Na rufe ido na tuna darasi na tara, na ƙarshen da shi ya duba da ransa, na rubuta yadda na yi a can. Huɗu na ci. Ta biyar ta ce na manta harafi ɗaya, ta nuna mini. Ta ɗauko sabon fom, na cika, ta sa hannu. Tsohon ta mayar mini, ta ce kada in sake nuna wa kowa. Jarrabawa ranar Asabar ta sati uku, lambar kujerata sittin da ɗaya. Kawu da ya ji ya ce ai dama dutsen don matarsa ya saya. Ita kuma ta ce Allah ya kiyaye.

Saura abu ɗaya. Darasi na goma sha biyar da ya dawo babu ja a jikinsa ko ɗaya, duk da ni na san na yi kuskure a ciki. Sai a ƙasa. Na karanta kafin in tuna ba ni ake wa magana ba. Na yanke wurin da almakashi, ga shi a naɗe cikin takardar nan, amma layin ya yi rawa sosai, kuma Inna ta ce idonki ba kamar da ba, shi ya sa zan kwafe miki. In ba ki so, ki tsaya a nan.

"Jimla ashirin kika ƙirƙira, duk a kansa: an ɗauke shi, an wanke shi, an tafi da shi. Ban sami abin gyarawa ba. Kin ce kwana uku. Na tambayi likita maƙwabcina, ya ce irin wannan ko ranar farko aka kai sai ikon Allah. Ba ke kika yi ba. Ba ki sako ambulan ba, zan ajiye har ki aiko."

'Yarki,
Kurciya